Mai Kwaɓin Dare

Ya zo mini ran wata Talata, bayan la'asar,
da takarda naɗe cikin leda,
hatimin soja a sama, sa hannun likita a ƙasa.
Na ce, "Idona ya gaji, faɗa mini da baki."
Ya ce, "Sunana Bappayo.
Shekara goma sha ɗaya na yi cikin kaki.
Ba na barci."
Na ce, "Ashe ka zo gida.
Mu ma nan ba ma yi."

Kafin ni ya je wurare huɗu.
Kamfanin gadi sun ce hannunsa na rawa.
Gidan mai na hanyar Dukku sun ce ya dawo bayan salla,
ba su faɗi wace salla ba.
Sauran biyun bai ba ni labari ba,
ni kuma ban tona ba.

Mu a Jekadafari ƙarfe ɗaya na dare muke kunna tanda.
Fulawa, yis, sukari, gishiri ɗan kaɗan.
Na ba shi teburin tsakiya.
Ya tsaya yana leƙen ƙofa ta kan kafaɗa
har kwaɓin ya bushe masa a yatsu.
Washegari na ja teburin can kusurwa,
bango a bayansa, ƙofa a gabansa.
Buhu uku ya kwaɓa a daren.

A mako na biyu janareta ya yi tari,
irin wanda yake yi in mai ya sha ruwa.
Na waiga, babu Bappayo.
Ƙarƙashin tebur na same shi, fulawa har gira,
yana kiran Iliya, yana kiran Modu, yana kiran Okon,
su kwanta, su kwanta, don Allah su kwanta.
Manu, yaron tanda, ya tuntsire da dariya.
Ta tsoro ce, na sani, amma na ce ya fita ya sha iska.
Na durƙusa ni ma, da wannan gwiwa tawa mai ƙara.
Ban ce komai ba. Me zan ce?
Ni da ban taɓa wuce Kumo da tashin hankali ba.
Tire biyu suka ƙone.

Daga ranar muka kafa doka.
Ba mai tada inji sai ya ce, "Bappayo, za a tayar."
Ba mai dafa shi ta baya.
Alhamis ɗin farkon wata ta asibiti ce,
ba na yanke masa ko sisi.
Uwargida ta ce, "Gidan burodi ka buɗe ko gidan jinya?"
Na gutsura mata mai zafi na ce, "Ɗanɗana."
Ta tauna, ta yi shiru,
ta ce a riƙa aiko mata biyu.

Ba zan ce muku ya warke ba.
Akwai daren da ba ya zuwa.
Akwai daren da zai nutsa hannu cikin kwaɓi
ya tsaya cak,
kamar mai sauraron kira daga wani daji.
Ƙarshen shekara, da yara suka fara fasa abin wasansu mai ƙara,
kwana biyar ban sa shi a ido ba.
Ran na shida ya shigo, ya wanke hannu har gwiwa,
ya ce, "Buhu nawa yau?"
Na ce, "Huɗu."
Iyakar maganar ke nan.

Jiya bayan asuba na dawo daga masallaci
na tarar da shi kan buhunan fulawa,
takalmi a ƙafa, baki a buɗe,
yana barci.
Masu shayi sun yi layi a ƙofa da baburansu.
Kafin in ɗaga hannu
Manu ya riga ni fita.
Na ji yana raɗa musu, ɗaya bayan ɗaya,
kowa ya ɗaure burodinsa,
ya tura babur har kwana
kafin ya tayar.